Mai Cike Takardar Haraji a Kanada: Sana'ar da Ke Sada Talaka da Haƙƙinsa

Da zarar watan Fabrairu ya doshi ƙarewa, tun dusar ƙanƙara ba ta narke daga titunan Toronto da Winnipeg da Montiriyal ba, sai kakar haraji ta kama a Kanada. Daga nan har zuwa 30 ga Afrilu, ranar da wa'adin miƙa takardu ke cika, za ka tarar an jera tebura a ɗakunan karatu na unguwanni, da zaurukan masallatai da majami'u, da wuraren raba abinci ga mabuƙata. Bayan kowane tebur akwai mutum da kwamfuta a gabansa. A kan kujeru kuwa ga tsofaffi, ga mata da 'ya'yansu, ga ɗalibai, ga baƙin da ba su daɗe da sauka ƙasar ba, kowa riƙe da ambulan ko leda cike da takardu, yana jiran a zo kansa.

Bahaushen da ya tashi yana jin labarin haraji da jangali, yadda magidanci kan sayar da hatsinsa ko akuyarsa don gudun wulaƙanci a ƙofar dagaci, har gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke su a Kano da Kaduna a 1979, dole wannan layi ya ba shi mamaki. Me zai sa talaka ya yi sammako cikin sanyi ya kai kansa wurin masu haraji? Dalilin shi ne, a Kanada takardar haraji hanya ce mai zuwa da dawowa. Mai hali ta cikinta yake biya, marar hali kuma ta cikinta ake biyansa. Kuɗin yara, da ramuwar harajin kaya, da ƙarin da ake yi wa mai ƙaramin albashi, da rangwamen haya, duk sai an cike wannan takarda suke fitowa. Wanda ya cike ya samu, wanda bai cike ba ya rasa, ko da ya fi kowa buƙata. Mutumin da ke zaune bayan tebur ɗin nan, wanda yake karɓar tarkacen takardun jama'a ya mayar da su lissafin da hukuma za ta karɓa, shi ne mai sana'ar da nake so mu duba.

Rangwame iri biyu

Karatun farko da mai koyon wannan sana'a zai haddace shi ne bambancin rangwame iri biyu. Akwai rangwamen da iyakarsa rage harajin da ake bin mutum. In ya sauko da harajin har ƙasa, aikinsa ya ƙare, ragowar ta bi iska. Akwai kuma rangwamen da ake biya a hannu, wanda in ya goge harajin ya yi saura, hukuma kan turo sauran cikin asusun mutum. A ɗauki misali, ana bin wani dala 200, yana da rangwamen dala 500. In irin na farko ne, ya fita ba a binsa komai, shi ma ba ya bin komai. In irin na biyu ne, za a biya shi dala 300. Talakan da kuɗin shigarsa bai kai na biyan haraji ba, rangwame na farko ba ya tsinana masa komai, domin ba a binsa abin da za a rage. Na biyun shi ne nasa, kuma a kansa ne aikin mai cike takarda ya fi nauyi.

Kanada ta fara karɓar harajin kuɗin shiga a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a 1978 gwamnatin tarayya ta kawo rangwamen yara da ake biya a hannu, dala 200 kan kowane yaro, inda aka fara amfani da hukumar haraji wajen kai kuɗi gidajen marasa ƙarfi. Tun daga nan hanyar take ta faɗaɗa.

A 1991 gwamnatin Brian Mulroney ta ɗora harajin kaya da ayyuka, wanda aka fi sani da GST, kashi 7 cikin ɗari, kafin a sauko da shi zuwa kashi 5 a 2008. Irin wannan haraji ya fi cin talaka, saboda kusan duk abin da ya samu a kasuwa yake ƙarewa. Don haka aka haɗo shi da ramuwa, wadda ake biya sau huɗu a shekara, a Yuli da Oktoba da Janairu da Afrilu. Daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025, mutum ɗaya yana iya samun har dala 519, ma'aurata dala 680, da ƙarin dala 179 kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 19.

A 2007 aka kawo rangwamen masu ƙaramin albashi, don kada wanda ya bar tallafin gwamnati ya kama aiki ya ga ya faɗi. An sake masa suna aka ƙara masa kauri a 2019. A lissafin shekarar 2024 yana kaiwa dala 1,590 ga mutum ɗaya, dala 2,739 ga iyali, kuma tun daga 2023 ana turo har rabinsa a kashi uku tun kafin kakar haraji ta zo.

Mafi girma shi ne tallafin yara na Kanada, wanda gwamnatin Justin Trudeau ta fara biya a Yulin 2016, bayan ta haɗe tsofaffin tallafi uku wuri ɗaya. Wata-wata ake biyansa, kuma ba a cire masa haraji. Daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025 ya kai dala 7,787 a shekara kan yaro ɗan ƙasa da shekara 6, da dala 6,570 kan ɗan shekara 6 zuwa 17, ga gidan da kuɗin shigarsa bai wuce dala 36,502 ba. Miji da mata masu yara biyu, ɗaya ɗan shekara uku ɗaya ɗan tara, in suna cikin wannan rukuni, tallafin yara da ramuwar GST kaɗai sun ba su dala 15,395 a wannan shekara. Kuɗin hayar watanni da yawa ke nan, kuma takarda biyu ce ta kawo su, ta miji da ta mata. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna talaucin yara ya sauko daga sama da kashi 16 cikin ɗari a 2015 zuwa ƙasa da kashi 10 a 2019, kuma wannan tallafi yana cikin manyan dalilan saukowar.

Na tarayya ke nan. Kanada tana da larduna goma da yankuna uku na can arewa, kowanne da nasa tsarin. Ontariyo ta haɗe rangwame uku tun 2012, na harajin kaya, da na makamashi da harajin gida, da na makamashin mazauna arewacin lardin, tana biyansu tare ranar goma ga wata da sunan Trillium, furen da ke alamta lardin. Albata tana da tallafin yara da iyali tun 2020. Biritish Kolambiya tana bai wa 'yan haya rangwamen da ya kai dala 400 tun daga shekarar haraji ta 2023. Saskachewan da Noba Sikoshiya suna da nasu na masu ƙaramin ƙarfi. Kwibek kuwa tun 1954 take karɓar harajinta da kanta, don haka mazauninta takarda biyu yake cikewa, ɗaya ta tarayya ɗaya ta lardi, kuma tun 2011 take biyan rangwamen da ta kira na haɗin kai, wanda ya ƙunshi harajin kaya da kuɗin muhalli da tsadar zaman ƙauyukan arewa. Gwani a Toronto in ya koma Montiriyal, sai ya sake zaman ɗalibi.

Su wa ke wannan sana'a?

Masu yinta hawa uku ne. A sama akwai ƙwararrun akantoci masu takardar shaida, waɗanda galibin hulɗarsu da 'yan kasuwa ce da masu dukiya. Talaka ba ya yawan taka ofishinsu, kuɗin aikinsu ya fi ƙarfinsa.

A tsakiya akwai masu shago. Wasu rassan manyan kamfanoni ne irin su H&R Block, wanda 'yan'uwa biyu, Henry da Richard Bloch, suka kafa a birnin Kansas na Amurka a 1955, ya kuma tsallako Kanada cikin shekarun 1960. Irin waɗannan kamfanoni kan buɗe ajin koyarwa kafin ƙarshen shekara, su ɗauki waɗanda suka ci jarrabawa aikin kaka. Wasu kuma ƙananan shaguna ne a unguwannin baƙi, inda mutum ɗaya yake cike takardar haraji, yana aika kuɗi ƙetare, yana kuma sayar da tikitin jirgi. Mai irin wannan shago yakan ji harshen mutanen unguwarsa, shi ya sa suke tururuwa wurinsa. Ba a neman lasisin sana'a kafin mutum ya buɗe shagon cike takarda. Abin da ba makawa shi ne rajista da hukumar tara haraji ta ƙasa, wato CRA, don ta ba shi lambar da zai riƙa tura takardun jama'a ta intanet, kuma sai ta duba tarihinsa kafin ta ba shi, ana kuma sabunta lambar duk shekara.

Hawa na uku shi ne na 'yan sa-kai, kuma su ne suka fi kusa da talaka. Tun 1971 hukumar haraji take da shirin haɗin gwiwa da ƙungiyoyin al'umma, inda ƙungiya ke bayar da wuri da mutane, hukuma kuma ta bayar da horo da manhaja da layin waya na musamman da ɗan sa-kai zai kira in abu ya shige masa duhu. A Kwibek ana gudanar da shirin tare da hukumar harajin lardin. Cikinsu akwai akantocin da suka yi ritaya, da ɗaliban jami'a masu neman gogewa, da baƙin da aka taɓa cike wa takarda kyauta suka dawo su rama alheri. Ba a yarda su karɓi ko kwabo ba. Duk shekara suna cike ɗaruruwan dubban takardu, wasu fuska da fuska, wasu ta hanyar a ajiye a dawo a karɓa, wasu kuma ta waya da bidiyo tun lokacin annobar korona a 2020.

Shirin yana da iyaka. A baya an daɗe ana auna shi da kuɗin shigar da bai wuce kimanin dala 35,000 ga mutum ɗaya ba, ko dala 45,000 ga mutum biyu, kuma sai lamarin mutum ya zama mai sauƙi. Mai kasuwancin kansa da ke da kashe-kashen da za a lissafa, da mai gidan haya, da wanda ya sayar da kadara ya ci riba, da takardar mamaci, duk ba hurumin ɗan sa-kai ba ne. A nan ne direbobin Uber da masu kai abinci gida-gida, waɗanda da yawansu baƙi ne masu ƙaramin ƙarfi, suke faɗawa tsakani, domin doka tana ɗaukarsu masu zaman kansu. Da yawansu sai su nufi shago su biya.

Kayan aiki

Kwamfuta, da manhajar da hukuma ta amince da ita, da na'urar buga takarda, su ne na gani da ido. Sauran kayan aikin a cikin ledar mai zuwa suke. Da farko lambar nan mai alƙaluma tara da ake kira SIN, wadda ba a aiki ko karɓar tallafi sai da ita, kuma ta baƙon da ke zaman wucin gadi da tara take farawa. Sai 'yan takardun shaidar kuɗin shiga, kowacce da lambarta, waɗanda mai sana'a ke kiransu kamar sunayen 'ya'yansa. T4 ita ce ta albashi, kuma wajibi ne mai ba da aiki ya fitar da ita kafin Fabrairu ya ƙare. T5007 ta tallafin da lardi ke bai wa marasa hali ce da diyyar rauni a wurin aiki. T4E ta inshorar rashin aiki ce, T2202 ta kuɗin makaranta. A Ontariyo ana neman lissafin hayar da aka biya cikin shekara da sunan mai gida, a Kwibek kuma mai gida ne ke bayar da takardar RL-31, wadda ke tabbatar da cewa mutum yana zaune a gidan ranar 31 ga Disamba. Akwai kuma sakamakon da hukuma ta aiko bara bayan ta duba takardar mutum, wanda gwani ba ya fara aiki bai nemi ganinsa ba.

Yanzu manhaja tana iya jawo yawancin waɗannan bayanai kai tsaye daga rumbun hukuma, in mai su ya ba da izini. Wannan ya rage wahala ƙwarai, musamman ga wanda ya sauya gida sau biyu ko uku cikin shekara, wasiƙunsa suka ɓace a hanya. Bayan an gama, ba a turawa sai mai takarda ya duba ya sa hannu a fom ɗin izini. Wadda aka tura ta intanet sakamakonta kan fito cikin mako biyu, ta gidan waya kuwa takan kai mako takwas.

Gwaninta a tambaya take

Lissafin manhaja ce ke yinsa, kuma ba ta kuskuren tarawa. Abin da ba ta iyawa shi ne sanin halin da mutum yake ciki. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a wannan sana'a wanda ya iya tambaya shi ne gwani.

Tambaya ta farko ita ce ta aure, kuma ita ce mafi wuya. Kusan duk rangwamen da ake biya a hannu da kuɗin shigar gida gaba ɗaya ake auna shi. A dokar harajin Kanada, mutum biyun da suka zauna zaman miji da mata na wata goma sha biyu a jere, ko suke zaune tare da ɗa a tsakaninsu, ma'aurata ne ko ba a ɗaura ba. Rabuwa kuma ba ta shiga lissafi sai ta kai kwana casa'in. Wanda matarsa take ƙasarsu ta asali bai kawo ta ba, shi ma mai aure ne, kuma sai ya faɗi abin da take samu a can. In aka rubuta mace ba ta da miji alhali tana da shi, kuɗin zai fito da yawa, amma ranar da hukuma ta gano za ta nemi a mayar mata da su duka, ta riƙa cirewa daga tallafin watanni masu zuwa. In kuma an rabu ba a sanar ba, uwar da ke riƙe da yara ita kaɗai za ta ci gaba da karɓar ɗan abin da aka auna da albashin mijin da ya tafi. Mai cike takarda yana yin wannan tambaya ne ga wadda wataƙila ta gudo daga gidan duka makon jiya, don haka sai da lallami da sassauta murya.

Sai maganar yara. A wurin wa suke kwana? In uwa da uba suna gida ɗaya, doka tana ɗauka uwa ce mai kula da su, kuma ita ake biya tallafin. In sun rabu yaran suna raba zama kusan daidai, kowa rabi yake samu. Duk shekara sai miji da mata kowa ya cike tasa takardar, ko da ɗayansu bai samu sisi ba. Wannan ne tarkon da ya fi kama sababbin zuwa. Magidanci ya cike tasa, ya ga matarsa tana gida ba ta aiki ya ce ba ta da abin cikewa, sai Yuli ya zo kuɗin yara su tsaya cak. Shekarar tallafi daga Yuli take farawa ta ƙare a Yuni, kuma da takardar da aka miƙa a Afrilu ake lissafa ta. Haka tsohon da ke karɓar ƙarin fansho na marasa ƙarfi, in ya yi jinkiri, a Yuli zai ga an riƙe masa.

Baƙo kuma tambayoyinsa daban ne. Wace rana ya sauka? Me ya samu kafin ya zo? Wace irin takardar zama ce a hannunsa? Sabon zuwa yana iya neman ramuwar GST tun kafin ya cike takardarsa ta farko, da fom ɗin RC151, tallafin yara kuma da RC66. Mai zaman wucin gadi, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, sai ya yi wata goma sha takwas a ƙasar kafin ya cancanci tallafin yara. Ɗalibin da ya yi karatu na cikakken lokaci fiye da mako goma sha uku cikin shekara ba ya samun rangwamen masu ƙaramin albashi, sai in yana da yaron da yake riƙo. Irin waɗannan ƙa'idoji ba a sanin su da ka, kuma kowace shekara akwai abin da ke sauyawa, shi ya sa mai sana'a ke komawa karatu duk ƙarshen shekara.

Gwani yana kuma sa ido ga abin da ba a faɗa masa ba. Ya ga tarin rasidin magani, sai ya tuna akwai ƙarin da ake biyan mai ƙaramin albashi da asibiti ya ci masa kuɗi. Ya ji uwa ta ambaci ɗanta mai lalura, sai ya nuna mata fom ɗin T2201 da likita ke cikewa, wanda in aka amince da shi yake buɗe ƙarin tallafin yaro mai naƙasa. Ya ga mutum ya yi shekaru bai cike ba, sai ya kwantar masa da hankali: tarar jinkiri, kashi 5 cikin ɗari da ƙarin kashi 1 duk wata, a kan harajin da ake bin mutum ake ɗora ta, wanda ba a binsa komai ba shi da tara. Hukuma kuma tana iya karɓar takardun baya har na shekara goma, ta biya abin da ya taru. Akwai wanda irin wannan kuɗi ne ke fitar da shi daga gidan kwanan marasa galihu ya kama ɗaki.

Riba da amana

Mai shago a wata biyu yake tara mafi yawan abin da zai ci a shekara, daga ƙarshen Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu, sai kuma ɗan ƙari zuwa 15 ga Yuni, wa'adin masu zaman kansu. A makon ƙarshe ba a maganar barci. Bayan nan kasuwa ta lafa, wasu su koma riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa littafin lissafi, wasu su koma wata sana'ar har kaka ta zagayo.

Akwai wani reshe na kasuwar da ya shafi talaka kai tsaye, wato sayen rarar haraji. Wanda ba zai iya jiran mako biyu ba, shago yakan ba shi kuɗin nan take, ya karɓi rarar daga hukuma daga baya. A shekarun 1970 masu wannan ciniki sun riƙa zaftare wa matalauta kaso mai tsoka, har majalisar tarayya ta yi doka a 1978. A ƙa'idar da ake bi yanzu, ba za a cire fiye da kashi 15 cikin ɗari na dala 300 na farko ba, da kashi 5 na abin da ya haura, kuma kuɗin cike takardar yana ciki. Mai rarar dala 1,000 ke nan dala 80 zai bari. Halal ne a doka, amma dala 80 cefanen kwanaki ne a gidan da ba shi da shi, kuma ɗan sa-kai da ke ɗakin karatun unguwa zai yi aikin kyauta.

Babban jarin mai wannan sana'a amana ce. Mutum yana zuwa ya baje masa sirrinsa duka: lambarsa, albashinsa, asusun bankinsa, halin aurensa, ciwonsa. Da waɗannan bayanai ɓarawo yana iya karkatar da kuɗin mutum zuwa wani asusu, shi ya sa ake tantance 'yan sa-kai, har da neman takardar 'yan sanda, ake kuma hana su riƙe takardun kowa bayan an gama. A cikin masu shago ma akwai ɓata-gari, masu yi wa jama'a alkawarin rara mai yawa ta hanyar ƙirƙiro sadakar da ba a bayar ba, ko kashe-kashen da ba a yi ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Hukuma tana iya dawowa bayan shekaru ta nemi rasidi, shi ya sa ake umartar kowa ya adana takardunsa shekara shida, kuma mai takarda ne zai mayar da kuɗin da tara da kuɗin jinkiri, domin shi ya sa hannu. Alamar mai gaskiya a bayyane take: yana neman shaida kafin ya rubuta, yana karanta wa mutum abin da ya rubuta, yana ba shi kwafinsa, ba ya kuma sa kowa ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba.

Waɗanda hannu bai kai gare su ba

Duk da wannan ƙoƙari, ba kowa ke isa gaban tebur ba. A 2020 malamai biyu na Jami'ar Carleton da ke Otawa, Jennifer Robson da Saul Schwartz, suka fitar da binciken da ya ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na mutanen Kanada ba sa cike takardar haraji, kuma masu shekarun aiki daga cikinsu sun yi asarar tallafin da ya kai kimanin dala biliyan 1.7 a 2015 kaɗai. Waɗanda suka fi rasawa su ne waɗanda aka yi tallafin dominsu: marar matsuguni da ba shi da adireshi ko katin shaida, da 'yan asalin ƙasar mazauna keɓaɓɓun yankunansu, waɗanda sau da yawa doka ta yafe wa haraji suka ɗauka takardar ba ta shafe su ba, da baƙon da tsoron hukuma ya biyo shi daga ƙasarsu. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ke rataye a kan takardar kuma ƙaruwa yake yi, domin shirin kula da haƙora na tarayya da ya fara a ƙarshen 2023, da tallafin masu naƙasa da aka fara biya a Yulin 2025, duk sai wanda ya cike.

Wannan ne ya sa masu fafutukar yaƙi da talauci suka daɗe suna cewa hukuma ta riƙa cike wa masu ƙaramin ƙarfi da kanta, tunda mafi yawan bayanansu suna hannunta. Tun 2018 akwai hanyar cikewa ta wayar tarho ga waɗanda aka gayyata, kuma a Oktoban 2025 Firaminista Mark Carney ya sanar da shirin cike wa miliyoyin masu ƙaramin ƙarfi kai tsaye. Mataki ne mai kyau, kuma ya kamata a gaggauta shi. Sai dai kwamfutar hukuma ba ta san miji ya fita a watan Maris bai dawo ba, ba ta san nawa aka biya mai gidan haya ba, ba ta san kaka ce ke riƙe da jikoki yanzu ba. Muddin tallafi yana rataye a kan irin waɗannan bayanai, ana buƙatar mutumin da zai zauna ya tambaya, ya saurara, ya rubuta gaskiya.

Don haka kirana ga 'yan'uwanmu mazauna Kanada, ɗalibai da ma'aikata da iyalansu, shi ne kowa ya cike takardarsa kafin 30 ga Afrilu, ko bai samu komai ba a shekarar, kuma maigida ya tabbatar an cike ta uwargida. A faɗa wa mai cikewa gaskiya, a karanta kafin a sa hannu. Wanda kuma Allah ya hore wa ilimin lissafi da harshen Turanci ko Faransanci, ya je ya yi rajista cikin 'yan sa-kai, ya ba da Asabar ɗinsa na wata biyu. Awa ɗaya da zai yi da wata baiwar Allah da 'ya'yanta tana iya zama kuɗin hayarsu da abincinsu na watanni da yawa.